Yawan Naɗin Waya Ba Ya Ƙara wa Rediyo Nisa

Wata magana ta daɗe tana yawo tsakanin matasanmu masu haɗa ƙananan rediyo da na'urorin watsa murya a gida: wai in kana so na'urarka ta ci nisa, ka ƙara wa kwayil zagaye, ka liƙa mata ƙatuwar kwandensa. Yaro ya ji a bakin abokinsa, abokin ya tsinto a shagon gyara, har ta zama kamar karatu. Na gaji da jin ta. Ba gaskiya ba ce, kuma tana jawo wa yara masu basira asarar kuɗi, wasu har su yar da aikin su ce ba su da sa'a.

Kwayil dai wayar jan ƙarfe ce da aka naɗe, kwandensa kuma faranti biyu ne masu riƙe caji. In an haɗa su, su ke zaɓar mitar da na'ura za ta kama ko ta watsa a kai. Iyakar aikinsu ke nan.

Mai kiɗan kalangu in ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka, amma ƙarar daga dukan take fitowa. To, kwayil da kwandensa matsewar ce. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Kwayil mai zagaye huɗu ko biyar, mai ƙarfin kusan maikrohenri 0.1, in ya haɗu da kwandensa mai pikofarad 25, zai sauke ka a wajen megahaz 100. Ka ninka zagayen a tsayi ɗaya, ƙarfin kwayil ya ninka sau huɗu, mitar ta faɗo rabi, wato wajen 50. Ina rediyon da zai ji ka a can? Ka bar zangon gaba ɗaya, kana ta murɗa akwati kana zargin batir.

Na kwandensa ya fi ban haushi. Sai ka ga an ciro wadda aka rubuta wa 104 an dasa a gurbin zaɓen mita, wai ta fi girma. Ma'anar 104 ita ce 10 da sifili huɗu, pikofarad 100,000, ninki 4,000 na abin da ake bukata. Na'urar ko motsi ba za ta yi a FM ba. Nisa yana zuwa ne daga ƙarfin transisto da dacewar eriya. A megahaz 100, eriya mai kusan santimita 75 ta fi doguwar wayar da aka rataya ba awo. Raunin batir da mummunan liƙin dalma su ma suna da nasu laifin.

Akwai kuma haɗari ga mai lalube. Wanda ya ga ƙari bai yi ba sai ya koma ragewa, yana buɗe zagayen kwayil da farce, mitar na hawa bai sani ba. Daga 108 zuwa 137 na jiragen sama ne: ƙasansa na na'urorin da ke yi wa jirgi jagora wajen sauka, daga 118 kuma matuƙa ke magana da hasumiya. Mai wasa da wannan a unguwannin da ke kewaye da filin jirgin Malam Aminu Kano, da ran mutane yake wasa. Watsa shiri ba lasisin hukumar NBC, wadda aka kafa a 1992, laifi ne a dokar Najeriya.

Saboda haka, ƙannena, ku fara da na'urar kamawa. Ta matsakaicin zango ta fi sauƙi: baƙin sandan nan na cikin tsohon rediyo da naɗinsa, mai kusan maikrohenri 240, da kwandensa mai murɗawa ta pikofarad 365, sun isa su kewaye zangon. 'Yar kwandensar roba mai kusurwa huɗu ta ƙananan rediyo tana da ɓangare na matsakaicin zango, da ƙarami mai kusan pikofarad 20 na FM. Ku gane ƙafafunta kafin ku liƙa.

In za ku sayi kwandensa marar murɗawa, ku nemi mai alamar NP0 ko C0G, galibi da baƙin ɗigo a kanta. Ita zafi ba ya sauya ta sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai alamar Y5V kuwa tana iya zubar da fiye da rabin ƙarfinta in ta ɗau zafi, kuma a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40, tashar da kuka saita da asuba ta gudu kafin azahar. Mai siffar gwangwani da alamar ƙari da ragi ta tace wuta ce, ba ta da gurbi a nan.

Zoben da ake naɗa waya a kai ma a kula. Ja, T50-2, da rawaya, T50-6, su ne na gajeren zango. Mai rawaya da fari da ake cirowa daga akwatin wutar kwamfuta daban ne, cinye siginar yake yi. Kama da wane ba ta wane. Ku yi naɗi da waya mai kauri, ku ɗiga masa kakin kyandir don kada ya motsa, ku gajarta ƙafafun kaya, don a FM santimita guda na waya ma kwayil ce. Ku saita da tsinken roba, domin sukuddireban ƙarfe da yatsa suna jan mita. Ƙurar hunturu kuma a hure ta daga tsakanin faranti.

Ku kuma iyayen gidanmu masu shagon gyara, don Allah ku koya wa yaranku karanta lambar kwandensa da wannan ɗan lissafi kafin ku miƙa musu ƙarfen dalma. Ilimin da aka ɓoye wa almajiri, jita-jita ce ke cike gurbinsa, kuma alhakin yana wuyanku.