Jangorzo ta Maraɗi da shekarar da kofi ya bar Yamai

Daga Madarunfa zuwa birnin Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Saboda haka duk yaron da ya koyi buga ƙwallo a rairayin bakin tabki, idan ƙafarsa ta nuna, Maraɗi yake dosa. Can ne manyan ƙungiyoyin jihar suke: Ɗan Kasawa, mai ɗauke da sunan sarkin da ya kafa sarautar Katsinar Maraɗi, da kuma Jangorzo, wadda sunanta kirarin mazaje ne.

Jangorzo ta cika wannan kirari a shekara ta 1983. Tun da aka fara gasar ƙasa, kofin bai taɓa fita daga Yamai ba. Ƙungiyoyin unguwannin babban birni da ta sojoji su ne suke karɓa-karɓa da shi. AS Niamey ma ta riƙe shi shekara uku a jere, daga 1980 zuwa 1982. Sai ga 'yan Maraɗi sun ƙwace shi. Shekarar da ta biyo, Espoir ta Damagaram ta yi koyi da su. A lokacin, zamanin Seyni Kountché ne, ƙungiyoyin Samariya suna da ƙarfi a kowane gari, kuma an ɗauka cewa ƙwallon Nijar ya bar hannun birni ɗaya ke nan.

Ba haka aka yi ba. A 1985 Zumunta ta mai da kofin Yamai, ya sake zama can. Shekarun kuwa sun zo da tsanani: fari ya afka wa ƙasa a 1984, kuma a watan Afrilu na shekarar Nijeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, jijiyar kasuwancin jihar, ta yi sanyi. Ƙungiyar gari kuwa da aljihun 'yan kasuwa take numfashi.

A nan bambancin yake. Sojoji, jandarma, 'yan sanda da duwan kowa yana da ƙungiyarsa a Yamai. Haka kamfanin wutar lantarki da na man fetur. Ɗan wasansu ya san inda abincinsa zai fito ƙarshen wata. Ƙungiyar Maraɗi kuwa, kafin ta buga wasa ɗaya a babban birni, sai ta biya mota da masauki na tafiyar fiye da kilomita 600. Idan attajiri guda ya janye hannu, ƙwararrun yara su watse. Ba laifinsu ba ne. Kowa da iyali a bayansa.

Wannan ciwo ba Nijar kaɗai yake ba. A Ingila, ƙaramar ƙungiyar Wimbledon ta Landan ta shiga gasar ƙwararru a 1977, ta doke Liverpool da ci ɗaya ba ko ɗaya ta ɗauki kofin FA a 1988. Daga baya masu ita suka ƙaura da ita wani gari. Magoya bayanta ba su bi ba. A 2002 suka haɗa kuɗi suka kafa sabuwa, mallakar kansu, suka fara daga can ƙasa. Cikin shekara 9 ta komo gasar ƙwararru, kuma a 2020 ta koma buga wasa a tsohuwar unguwarta, cikin sabon fili.