Agogon Kusurwar Kwamfuta da Manhajojin da Ke Sauya Masa Fuska

A ƙasan fuskar kowace kwamfuta mai aiki da Windows akwai wani ziri da ya ratsa daga hagu zuwa dama, wanda masu gyara suke kira taskba, kuma a kusurwarsa ta dama ne agogo yake zaune yana nuna awa da minti da kwanan wata. Kamfanin Microsoft ya fito da wannan ziri tare da Windows 95 a watan Agusta na shekarar 1995, kuma tun daga lokacin agogon ya zama abin da ido yake kaiwa gare shi sau da yawa a yini ba tare da an ba shi muhimmanci ba. A shagunan buga takardu da cike fom ta intanet da ke unguwar Kinkinau da maƙwabciyarta Unguwar Mu'azu a Kaduna, inda akasarin kwamfutocin na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, wannan ɗan agogo yakan zo da ɗabi'un ƙasar da ya baro, wato jerin kwanan wata irin nasu da kuma lokacin garinsu.

Abin da masu amfani da kwamfuta suka daɗe suna kuka da shi shi ne ƙarancin abin da agogon yake nunawa, musamman rashin daƙiƙa. Raymond Chen, ɗaya daga cikin tsofaffin injiniyoyin Microsoft, ya bayyana cewa samfurin gwaji na Windows 95 yana nuna daƙiƙa, amma aka cire ta saboda sabunta rubutun agogo a kowace daƙiƙa yana rage wa kwamfutocin zamanin sauri, kasancewar wasunsu megabayit 4 kacal suke da shi na ƙwaƙwalwar aiki. Wannan giɓi ne ya buɗe ƙofa ga ƙananan manhajoji waɗanda ba Microsoft ne ya rubuta su ba. Mafi shahara a cikinsu ita ce TClock, wadda wani ɗan ƙasar Japan da aka sani da Kazubon ya fara a shekarun 1990, daga baya wasu suka gaje ta suka ci gaba da gyara ta har ta kai ga samfurin T-Clock Redux, wanda ake samu kyauta a shafin GitHub tare da rubutun asalinsa a buɗe ga duk mai son dubawa.

Aikin irin wannan manhaja shi ne ta karɓi kusurwar agogon ta rubuta abin da mai kwamfuta ya zaɓa, kuma ana gaya mata zaɓin ne da wasu haruffa waɗanda kowane rukuninsu yake wakiltar wani ɓangare na lokaci. A T-Clock, idan aka rubuta HH:nn:ss za a ga awa bisa lissafin sa'o'i 24 sannan minti sannan daƙiƙa, kuma an ba minti harafin n ne domin an riga an keɓe m ga wata. Rukunin dddd yana kawo cikakken sunan rana, yyyy kuma shekara da lambobinta huɗu. Bayan haka ana iya ƙara girman rubutu domin dattijon da idonsa ya yi rauni, a sauya launi, a raba bayanin zuwa layi biyu, ko a saita ƙararrawar da za ta tuna wa mai shago cewa Azahar ta gabato alhali hankalinsa ya tafi kan takardar wani.

Sai dai hanyar da manhajar take bi ta cimma wannan tana da haɗarinta. Zirin ƙasa wani ɓangare ne na babban shirin da ake kira Explorer, wanda shi ne kuma yake riƙe da gumakan fuskar kwamfuta da tagogin fayil, don haka dole manhajar ta cusa wani yanki nata a cikinsa kafin ta iya taɓa agogon. Idan yankin ya yi tuntuɓe, zirin gaba ɗaya yakan ɓace na ɗan lokaci kafin ya dawo, kuma wannan kutse ne yake sa manhajojin kariya su riƙa yi mata kallon ƙwayar cuta ko da ba ta ɗauke da komai. Matsalar ta fi tsanani a inda aka saba karɓar manhaja daga filashin aboki ko na mai gyara, domin kwafin da ya bi hannaye da yawa yana iya zuwa da abin da marubucinsa bai sa ba, kuma kwamfutar shago tana ɗauke da hotuna da lambobin shaidar mutanen unguwa da dama. Lokacin da Windows 11 ya fito a watan Oktoba na 2021 an sake gina zirin daga tushe, T-Clock ta daina aiki a kansa, sai wasu suka maye gurbinta, kamar ElevenClock ta Martí Climent da kuma Windhawk mai ɗauke da wani ƙari na musamman domin agogo. A 2023 Microsoft ya sa zaɓin nuna daƙiƙa a cikin saitunan Windows 11, tare da gargaɗin cewa yana ƙara cin batir.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce yawancin abin da mazaunin Kinkinau yake buƙata daga agogonsa yana cikin Windows tun asali. Kwamfutar da ta zo da tsarin Amurka tana gabatar da wata kafin rana, ta yadda 03/04/2025 yake nufin 4 ga Maris a wurinta, alhali duk wanda ya karanta shi a Najeriya 3 ga Afrilu zai fahimta, kuma irin wannan ruɗani a kan rasit ko takardar yarjejeniya ba ƙaramin abu ba ne. Ana gyara shi a saitin yanki, inda kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya wanda yake kawo sunayen ranaku irin su Litinin da Talata da Alhamis. Haka nan Windows yana ba da damar ƙara agogo biyu na wasu garuruwa, abin da yake da amfani ga mai ɗan'uwa a Makka, wadda take gaban Kaduna da awa 2 a duk shekara, ko a Landan, wadda lokacinta yake daidai da na Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sannan ya koma baya da awa 1.

Kwanan watan Hijira shi ne abin da ya fi jan mutane zuwa ga sauya agogo, kuma a nan ne ake buƙatar lura. Kalandar da kwamfuta take nunawa, kamar ta Ummul Ƙura da Saudiyya take amfani da ita, lissafi ce da aka yi tun kafin watan ya tsaya, yayin da a Najeriya ake bin sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammadu Sa'ad Abubakar, bayan an tantance rahotannin ganin wata. Saboda haka kwanan da ke kusurwar fuska yana iya saɓa wa na gari da kwana guda, kuma manhajar da ba ta ba da damar ƙara kwana ko rage shi da hannu ba tana iya nuna 1 ga Shawwal ranar da mutanen Kaduna suke cike azumi na 30.

Duk wani ado da aka yi wa agogo yana dogara ne da lokacin da kwamfutar kanta take riƙe da shi. A jikin babban allon da ke cikinta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, galibi samfurin CR2032 mai ƙarfin bolt 3, wanda aikinsa shi ne ya ci gaba da ƙirga lokaci bayan an kashe ta. Kwamfutar da aka saya ta hannu takan iso da wannan batir ya riga ya tsufa, kuma alamarsa ita ce duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai kwanan wata ya koma wata shekara da ta daɗe da wucewa, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne, domin takardar shaidar kowane shafi tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Mai gyara zai buɗe murfin, ya danna ɗan ƙarfen da ya riƙe batirin har ya yi tsalle ya fito, ya sa sabo da alamar ƙari tana kallon sama, sannan ya zaɓi yankin lokaci na Yammacin Afirka ta Tsakiya, wanda yake gaban lokacin Girinwic da awa 1, kafin ya bar kwamfutar ta daidaita kanta da agogon intanet.