Tsaron Zuciya da Addu'a a Koyarwar Ruhubanawan Kirista Maƙwabtan Makka

1.0 Gabatarwa

A yau wanda ba Musulmi ba, ba ya shiga Makka, amma a ƙarni na 6 da na 7 Miladiyya Kiristanci ba baƙon abu ba ne ga mazaunanta. Imam Bukhari ya ruwaito cewa Waraƙa bin Naufal, ɗan baffan Nana Khadija, ya shiga Kiristanci, yana kuma rubuta abin da ya sawwaƙa daga Linjila. Akwai Kiristoci a Najran ta kudu, ayarin Ƙuraishawa kuma kan ratsa Busra ta ƙasar Sham, inda ruhubanawa suka keɓe kansu don ibada. Wannan maƙala ta yi bayanin abin da irin waɗannan masu ibada suka ɗauka a matsayin babban aikinsu, wato tsaron zuciya, domin nuna cewa a wurinsu zama a faɗake da addu'a aiki ɗaya ne.

2.0 Tushen Koyarwar

Koyarwar ta dogara ne a kan nassoshi biyu na Littafi Mai Tsarki. Karin Magana 4:23 ta fifita kiyaye zuciya a kan kowane irin tsaro, Matiyu 26:41 kuma ta kawo umarnin Yesu ga almajiransa a Getsamani, inda ya haɗa zama a faɗake da addu'a a matsayin kariya daga jaraba. Ruhubanawa sun kira wannan hali nefsis, kalmar Girkanci mai nufin wartsakewa daga maye, wadda ba ta da alaƙa da nafs ta Larabci.

Ebagiriyus, wanda ya rasu a hamadar Masar a shekarar 399, ya tsara tunane-tunane 8 da ke kai wa zuciya hari: zarin ci, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar ibada, riya da girman kai. Ya kwatanta mai ibada da mai tsaron ƙofa, wanda ke tambayar kowane tunani daga inda ya fito kafin ya ba shi hanya.

3.0 Yadda Tunani ke Zama Zunubi

Yohanna Kilimakus, shugaban ruhubanawan Dutsen Sina'i a ƙarni na 7, ya rubuta littafin da aka fi sani da Tsani, mai matakai 30. A ciki ya nuna cewa zunubi ba ya faɗowa lokaci guda. Da farko tunani kan gifta, wannan kuwa ba laifi ba ne. Daga nan mutum ya tsaya hira da shi, sai ya amince masa, sai ya zama kamamme a hannunsa, a ƙarshe abin ya zame masa jiki. Tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wurin da ya dace a yi yaƙin shi ne tsakanin giftawa da hira.

A nan addu'a ke shigowa. Mai tsaron da ya hango ɓarawo amma ba shi da makami bai tsare komai ba. Ebagiriyus ya tanadi ayoyin da za a mayar wa kowane tunani martani da su, ruhubanawan Sina'i kuwa suka fi karkata ga gajeriyar addu'ar neman jinƙai da sunan Yesu, wadda ake maimaitawa dare da rana. An tattara wasu rubuce-rubuce irin waɗannan a kundin Filokaliya da aka buga a Benis a 1782.

4.0 Kamanci da Bambanci

Masanin tasawwufi zai ga kamanci a fili. Abu Ɗalib al-Makki, wanda ya tashi a Makka ya rasu a Bagadaza a 996, ya yi bayanin khawaɗir, wato abubuwan da ke ɗarsuwa a zuci, a littafinsa Ƙutul Ƙulub, Imam Gazali kuma ya ware babi ga muraƙaba da muhasaba a cikin Ihya. Sai dai kamanci ba hujjar aro ba ce. Malaman Musulunci sun kafa muraƙaba a kan bayanin ihsani da ke hadisin Jibrilu, Kirista kuwa yana ganin nasara a kan jaraba alheri ce da ke zuwa ta wurin Almasihu da Ruhu Mai Tsarki.

5.0 Kammalawa

Batun ya shafi Hausa kai tsaye. Cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi aiki a kanta, ta yi amfani da kalmomi irin su addu'a, tuba da Shaiɗan, waɗanda Hausa ta samo daga Larabci ta hanyar Musulunci. Saboda haka Kiristan Wusasa da Musulmin birnin Zariya suna maganar zuciya da kalmomi iri ɗaya, alhali abin da kowanne ya jingina su a kai daban ne. Mai nazarin addini ko fassara da bai lura da wannan ba zai iya ɗaukar koyarwar biyu abu guda, ko ya zaci babu abin da ya haɗa su.