GARKUWAR DA BA A GANI: Yadda Ake Tsare Na'urorin Jirgin Sama Daga Katsalandan Na Igiyoyin Lantarki

Duk wanda ya taɓa sauraron rediyo da damina ya san ƙarar da takan katse magana sa'ad da aka yi walƙiya. Haka nan in an ajiye wayar hannu kusa da lasifika, akan ji wani ƙugi kafin kira ya shigo. Wannan shi masana ke kira katsalandan na igiyoyin lantarki, watau igiya ta shiga na'urar da ba dominta aka aiko ta ba. A gida abin bai wuce ɓacin rai ba. Amma a jirgin sama, inda matuƙi ya dogara ga na'urori wajen sanin hanya, magana ce ta rayuka. A watan Janairu na 2022 sai da kamfanonin waya na Amurka suka jinkirta kunna tashoshin 5G kusa da waɗansu filayen jiragen sama, don gudun kada su rikita na'urar da ke auna nisan jirgi daga ƙasa.

Asalin Garkuwar

A shekarar 1836 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya lulluɓe wani ɗaki da ƙarfe, ya nuna cewa lantarkin da ke waje yakan bi jikin ƙarfen ne, ba ya kai wa ga abin da ke ciki. Sabili da haka jiragen da aka ƙera da alminiyam sun sami wannan kariya a kyauta, domin gangar jikinsu ita kanta garkuwa ce.

Ina Matsalar Ta Taso?

Maƙera jirage kullum suna neman rage nauyi don a rage shan mai. Sai suka koma ga zaren kabon, wani baƙin zare wanda kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na gashin mutum ba. Akan shimfiɗa shi hawa-hawa, a jiƙa da wani irin ƙaro, a gasa, sai ya daskare ya yi ƙarfi ƙwarai, ga shi kuwa nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku na alminiyam ba. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011, kimanin rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne. Na Airbus A350, wanda ya fara aiki a 2015, kashi 53 cikin ɗari ne. Irin waɗannan jirage suna sauka a filayen ƙasar nan.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Haɗin zaren kabon yana ɗaukar lantarki, sai dai alminiyam ya fi shi kamar sau dubu, ƙaron kuwa ba ya ɗauka ko kaɗan. Ga shi kuma an ƙiyasta cewa kowane jirgin fasinja tsawa takan faɗa masa kamar sau ɗaya a shekara. In lantarki bai sami hanya mai sauƙi ba, sai ya zama zafi, ya ƙone ƙaron, igiyoyinsa kuma su kutsa cikin wayoyin na'urori.

Yadda Ake Gyarawa

Maganin shi ne a mayar wa haɗin ɗan ƙarfe, gwargwadon bukata. Hanyoyi uku ne aka fi bi:

1. Shimfiɗa siririyar ragar jan ƙarfe a saman haɗin, ƙarƙashin fenti. Ita ce ke watsa lantarkin tsawa a faɗin jikin jirgi.

2. Yi wa kowane zare rufin nikel ko jan ƙarfe kafin a saƙa shi. Jan ƙarfe ya fi mayar da igiya inda ta fito, kamar yadda madubi ke yi wa haske. Nikel kuwa, da yake maganaɗisu yana kama shi, yana taimakawa wajen shanye igiyar, kuma ya fi jure tsatsa.

3. Zuba garin ƙarfe cikin ƙaron, don ya haɗa zare da zare.

Da ma'aunin desibel ake gwada ingancin garkuwa. Mai desibel 20 tana tare kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin igiya. Mai desibel 60 kuwa, kashi ɗaya tak cikin miliyan take bari ya wuce.

Abin Lura

Yawan ƙarfe ba shi ne gwaninta ba. Jan ƙarfe da nikel kowannensu ya fi haɗin kabon nauyi fiye da sau biyar, saboda haka in an cika su, an yi asarar abin da aka je nema. Bugu da ƙari, in kabon ya haɗu da alminiyam a wuri mai laima, alminiyam ɗin yakan ci. Don haka ake raba su da shimfiɗar zaren gilas, ake kuma ɗaure su da ƙusoshin titaniyam.

Babban abin da ya fi muhimmanci shi ne kada garkuwar ta yanke. Mai karatu ya dubi ƙofar na'urar ɗumama abinci: ragar da ke jikinta cike take da huji, amma igiya ba ta fita, domin tsawon igiyar kimanin santimita 12 ne, hujin kuwa ƙanana ne ƙwarai. Doguwar tsaga ita ce abin tsoro, kome sirantakarta. Shi ya sa mahaɗa, da ƙofofi, da wuraren da aka yi faci suka fi bukatar kula. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kira Ga Jama'a

Injiniyoyi da masu gyaran jirage su tabbata cewa duk facin da aka yi an mayar da ragarsa, an kuma gwada shi da na'ura kamar yadda littafin maƙera ya tsara. Ɗaliban kimiyya su sani cewa wannan fanni yana da amfani a motoci masu lantarki, da kayan asibiti, da taurarin ɗan Adam. Fasinja kuwa, in ma'aikatan jirgi sun ce a kashe waya, lalle ne ya bi umurni ba tare da gardama ba. Igiyar wayarsa daga cikin garkuwar take tashi, ba daga waje ba. Rigakafi ya fi magani.