Haihuwa Kyauta Ce, Reno Kuwa Sai Da Shiri

'Yan'uwa a cikin Kristi, duk wanda ya rene ɗa ya san cewa kuɗin da yaro ke ci ba a ranar suna yake ƙarewa ba, a ranar ne ma yake somawa. A Mungadi ta ƙaramar hukumar Maiyama, da sauran garuruwan Jega da Aliero, yawancinmu manoma ne. Kuɗi na shigowa da kaka, in an girbe gero da dawa, sai kuma da rani ga masu noman albasa. Amma cikin yaro da takalminsa ba su san kaka ba, kullum sai an taɓa aljihu.

Mu duba yadda shekara ke tafiya a gidajenmu. Da an kai amfanin gona rumbu sai Kirsimeti ta zo. A fitar da buhu a kai kasuwar Jega, a ɗinka wa yara sabbin kaya, a sayi shinkafa da nama. Mako biyu bayan haka, a watan Janairu, sai a koma makaranta. Gaskiya ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kyauta ne kuma dole. To amma kayan makaranta da littattafan rubutu da kuɗin tara duk a wuyan iyaye suke. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin mota da na abinci suka ƙara hawa.

Babban nauyi yana zuwa ne a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A lokacin ne magidanci kan sayar da akuya da araha, ko ya ci bashi a kan hatsin da bai nuna ba. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Ba mu ce a daina murnar Kirsimeti ko walimar suna ba. Abin da muke roƙo shi ne miji da mata su zauna tun ranar da aka gama sussuka, su ware na ci, na makaranta, da na magani, abin da ya saura shi ne na biki. Zumuntar mata ta rage yawan anko, ta ƙarfafa adashi domin karatun yara. A riƙa kwana cikin gidan sauro. A watan Disamba na 2024 aka soma yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro kyauta a jiharmu, saboda haka iyaye mata su tambaya a asibitin da ke kusa da su. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya ɗauki kula da iyali a matsayin shaidar bangaskiya. Yaran nan amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe ta. Amin.