Kayan Da da Isnadinsu

Tun daga lokacin da kwanukan langa, sa'an nan na roba, suka kori tasoshin tagulla da akusa daga ɗakunan matanmu, kayan da kakanni suka tara da guminsu suka shiga wani hali mai ban takaici, domin wasu sun tafi hannun 'yan gwangwan, waɗanda ba su san wata daraja ba sai ta nauyi bisa sikeli, wasu kuwa sun bi dillalai zuwa rumfunan Kasuwar Kurmi ta Kano, daga can suka ƙetare teku. Yanzu da masu hali daga cikinmu suka fara sha'awar ƙawata zaurukansu da irin waɗannan kaya, kuma magada suka fara tuhumar cewa abin da ke jibge a tsohon ɗakin kakarsu yana iya yin kuɗi, ya kyautu a bayyana ƙa'idodin da ake bi wajen gane su da ƙimanta su.

A al'adar 'yan kasuwar Turai da Amurka ba a kiran abu kayan da sai ya cika shekara 100. Dokar Nijeriya kuwa, wadda aka fara kafawa a 1953, aka sabunta ta a 1979 sa'ad da aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta yanke nata haddin daban: duk aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918, ko wanda yake da muhimmanci kuma aka taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya, ya shiga hukuncin kayan tarihi, ba a cinikinsa sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a kuma fita da shi ƙasar waje sai da takardar izini. Jama'a da yawa suna taka wannan doka alhali ba su ma san da ita ba.

Malaman hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, ba su karɓar ruwaya sai sun duba abu biyu, watau matani da isnadi, kuma a ganina babu ma'aunin da ya fi wannan dacewa da mas'alarmu. Matanin kaya shi ne jikinsa, abin da ido da hannu da hanci za su shaida. Isnadinsa kuwa shi ne jerin hannayen da ya bi tun daga maƙeri ko masassaƙi har zuwa ga mai tallarsa yau. Mu fara da matani.

Kujerar Nufe mai ƙafafu da yawa, wadda masu tara kaya ke nema ido rufe, daga gungume guda ake sassaƙa ta, ba haɗi ba ƙusa, kuma idan aka kife ta za a ga sawun gizago a cikinta, sara bisa sara, ba biyu da suka yi daidai. Itace kuwa, muddin yana bushewa, ta faɗinsa yake tsukewa fiye da ta tsawonsa, saboda haka tsohon akushi da wuya bakinsa ya zauna a kewaye sosai, sai ka tarar ya ɗan karkace. Amma hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wurin da abin ya goge. Kujerar da aka zauna a kanta shekara da shekaru tana sulɓi ne a tsakiyarta da gefen da hannu ke kamawa in za a ɗauka, ƙafafunta sun cinye saboda daɓen ƙasa, lungunan zanenta kuwa sun tara dauɗa; wadda aka tsufar da gangan kuwa ko'ina ta goge daidai wa daida, har wuraren da jikin ɗan Adam ba ya taɓa kaiwa. Ramin ƙwaron itace yana tafiya a karkace cikin katako, na mai algushu kuwa, da yake da basilla ya huda shi, a miƙe yake. Kada kuma mai saye ya raina tsohon gyara, domin ɗinkin gyartai a jikin ƙwarya shaida ce cewa wata ta so abin har ta ƙi rabuwa da shi.

A kayan kafinta, kamar adaka da kabad da kujerun da suka yawaita bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen da ke jiki shi ke tona asiri. Ƙusa mai kewayayyen jiki irin ta inji ba ta bazu ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma noti mai tsaga biyu a gicciye a kansa bai fito ba sai a shekarun 1930. Sai dai a yi adalci, a duba ko wani ne ya sa su daga baya wajen gyara.

Tagulla ita ce inda aka fi cin amanar masu saye, kuma ita ce inda ido ya fi saurin koyo. Maƙeran Bida, waɗanda sana'arsu ta shahara tun zamanin sarakunan Nufe na ƙarni na 19, da guduma suke tayar da tasa ko buta, sa'an nan su buga mata zane ɗigo bayan ɗigo, don haka kaurinta ba ya zama ɗaya, kuma yatsa yana jin tudu da kwarin bugu ta ciki. Wadda aka murza a inji kuwa tana da siraran layuka masu kewaye juna a gindinta. Matanmu na da, da toka da tsamiya suke wanke jere, kuma wankin shekara sittin yana dushe zane a kafaɗar tasa ya bar shi da kaifi a ƙarƙashin leɓe, abin da gaggawa ba ta iya kwaikwayo. Koren tabon da aka jawo da ruwan batir yakan zauna a sama kamar fenti ya biyo jiƙaƙƙen tsumma, na ainihi kuwa ya kama jikin ƙarfen.

Game da rubutu da tambari, suna da fa'ida amma suna ruɗi. Tangaran ko langar da aka buga wa sunan Cekoslobakiya ba ta riga 1918 ba, tun da kafin nan babu ƙasa mai wannan suna, haka nan wadda ta ce Jamus ta Yamma tana tsakanin 1949 da 1990. Azurfar Ingila ta gaskiya tana ɗauke da ɗan hoton zaki mai tafiya, in a Birmingham aka auna ta kuma da alamar anga. To, amma ga kuɗin azurfar nan na Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake suka yi ta shigowa da shi ƙasashenmu, maƙeran fari suka narke da yawansa suka yi mundaye: sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga daga wannan shekara har zuwa zamaninmu, 1780 aka rubuta masa. Dillalin da ya nuna maka shekarar ya rantse bai yi maka ƙarya a kan rubutun ba, amma bai gaya maka kome game da shekarun abin ba.

Kwaikwayo a kan kansa ba laifi ba ne. Masu zubin tagulla na Fumban a Kamaru, da masassaƙan da ke sayar wa fataken Hausawa a Abijan, gwanaye ne, kuma wanda ya sayi aikinsu a matsayin sabo ya yi ciniki halal. Haramcin yana shigowa ne sa'ad da aka binne abin a ƙasa wata da watanni, ko aka rataye shi a hayaƙin madafa, don a ce na kakanni ne. Fiƙihunmu na Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya in an ɓoye masa aibi, ya kuma hana najashi, watau mutum ya riƙa taya kaya a gwanjo ba da nufin saye ba sai don ya ɗaga wa wani farashi, kuma duka biyun suna da kasuwa a wannan harka.

Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi, in ba haka ba da kowane tsohon turmi ya zama dukiya. Ana duba ƙarancin abin, da lafiyar jikinsa, da gwanintar wanda ya yi shi. A 2010 an yi gwanjon wata kujera ta mutanen Luba na ƙasar Kwango a birnin Faris a kan Yuro miliyan 5.4, saboda masana sun gane hannun masassaƙinta, wanda suke kira Gwanin Buli. Tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja, a 1954, ta rasu a 1984, ba su kai shekara ɗari ba, amma hatimin haruffan sunanta ya sa sun fi tulunan da suka girme su tsada nesa. A nan ne isnadi ke yin aikinsa, domin tasa biyu masu kama ɗaya, wadda ke da tsohon hoto ko takardar rabon gado ta alƙali da ta ambace ta tana iya ninka 'yar'uwarta. Don haka wanda ya gaji irin wannan kaya ya zauna da tsofaffin gidan tun suna raye, ya rubuta wa ya saya, a ina, a auren wa aka jera shi. Kada kuma ya kai shi a goge ko a shafa masa fenti kafin mai ƙima ya gani, domin sau da yawa abin da aka kankare shi ne abin da ake biya.

Akwai nau'i guda da isnadinsa yankakke ne tun asali, shi ne abin da aka tono a ɓoye. Gumakan yumɓun Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, da makamantansu na Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar, duk suna cikin jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000 na kayan da ta gargaɗi jama'a kada su saya. Masu fataucinsu sukan nuna takardar ɗakin gwaji, inda ake ɗebo ɗan gari daga jikin yumɓun a auna tun yaushe ya shiga wuta. Gwajin sahihi ne, sai dai yana shaidar wurin da aka huda kaɗai, kuma masu algushu sun daɗe da koyon harhaɗa gutsattsarin tsofaffin gumaka da sabon yumɓu, har ya zama manyan masu saye ba su yarda sai an sa abin a na'urar asibiti mai ɗaukar hoton ciki, an ga kowane haɗi.