Bautar Wata A Cikin Wasannin Intanet: Daga Ina Aka Aro Ta?

Akwai wani irin wasa da ya bazu a duniya a zamanin nan, wanda ake yi da kwamfuta ta hanyar intanet. Mutane dubbai, kowa yana zaune a ɗakinsa, su haɗu a cikin wata ƙasa ta tatsuniya. Kowa ya ƙaga wa kansa mutum guda, ya raɗa masa suna, ya ba shi asali da sana'a da hali, sa'an nan ya dinga magana da bakinsa, kamar yadda yara ke shiga rigar wani a lokacin tashe. A cikin irin mutanen da ake ƙagowa akwai masu bautar wata. Ya kamata malamai su san asalin wannan abu, domin samari da yawa a duniya a can suke fara jin labarinsa, ba a aji ba.

Mafi shahara a cikin wasannin nan shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da shi a shekarar 2004. A cikinsa akwai wata al'umma mai dogayen kunnuwa da ake kira Kaldorei. Sun fi son dare da rana, kuma suna bauta wa wata uwargijiya mai suna Elune, wadda suke ɗauka ita ce farin wata. Mata ne shugabannin addininsu, babbarsu kuwa ita ce Tyrande. Suna da rijiyoyi masu walƙiya da suke jingina wa wata, da kuma babban ɗakin ibada a birninsu Darnassus. A wani wasan kuma, Elder Scrolls Online, wanda ya fito a 2014, akwai mutane masu siffar kyanwa, watau Khajiit. Duniyarsu wata biyu gare ta, kuma yanayin da watannin nan suke ciki a ranar da aka haifi jariri shi ne ke yanke irin siffar da zai girma da ita.

Duk wannan ƙage ne, amma ba daga iska aka tsinto shi ba. A kudancin ƙasar Iraƙi akwai kufan wani birni mai suna Ur. Mutanensa sun bauta wa wata da sunan Nanna, wanda maƙwabtansu na Akkad suke kira Sin. A wurinsu kuwa namiji ne, ba mace ba. Wajen shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Ur-Nammu ya gina masa wata ƙatuwar hasumiya ta tubali, hawa bisa hawa, wadda gindinta yana nan tsaye har yau. Wani Baturen Ingila, Leonard Woolley, shi ya shugabanci tonon birnin daga 1922 zuwa 1934. Tun kafin Ur-Nammu ma, Sarki Sargon na Akkad ya naɗa 'yarsa Enheduanna shugabar ɗakin Nanna, kuma masana da yawa suna lissafa ta a matsayin marubuciya ta farko da tarihi ya riƙe sunanta. Birni na biyu shi ne Harran, wanda yake cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Nabonidus, sarkin Babila na ƙarshe, wanda ya yi mulki daga 556 zuwa 539 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sāke gina ɗakin Sin na can, ya kuma ɗaukaka shi ƙwarai.

To, a nan ne abin lura yake. Bautar mutanen nan ba tsayawa kawai ba ce a yi ta kallon sama. Ta shiga cikin aikin hukuma da na kasuwa. Watansu yana kamawa ne da maraicen da aka ga jinjirin wata, saboda haka akwai ma'aikata da aikinsu shi ne duba shi su aika wa sarki da rahoto. Wata guda kwana 29 da rabi ne, goma sha biyu kuwa su ba da kwana 354, watau sun gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Domin kada lokacin girbi ya kauce wa sunan watansa, sai su ƙara wata na goma sha uku bayan shekara biyu ko uku. Har lamba suka ba Sin, ita ce 30, saboda kwanakin wata. Husufi kuwa a wurinsu babban tashin hankali ne. A Assuriya, a zamanin Sarki Esarhaddon, idan masu duba suka ce husufi ya nuna mutuwar sarki, sai a ɗora wani talaka a gadon sarauta na ɗan lokaci, sarki na gaske ya ɓuya, daga baya a kashe talakan domin mugun abin ya tafi da shi.

Wanda ya san wannan tarihi ya fi kowa iya wasan. Ɗan koyo yakan ɗauka ya gama aiki in ya sa wa mutuminsa farar riga, ya sa shi ambaton Elune a kowace jimla. Gwani kuwa yakan tambayi kansa: mutumin nan da me yake ƙirga kwanakinsa? Me yake yi a daren da wata ya cika, me yake gudu a daren duhu? In ya ɗauki alkawari, da wane wata zai cika shi? In ya ga husufi, gudu zai yi ko kuka? Amsoshin nan su ne ke mai da hoto ya zama kamar mutum.

Babbar jarrabawa ta zo wa masu wasan a 2018, sa'ad da marubutan labarin suka sa abokan gaba suka ƙone birnin Darnassus ƙurmus. Duk mai riƙe da ɗan Kaldorei sai da ya yanke shawara: mutuminsa zai ci gaba da dogara ga uwargijiyar da ba ta tsare masa gida ba, ko zai juya mata baya? Wannan tambaya tsohuwa ce. Wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, mayaƙan Elam suka ci birnin Ur, kuma an tono allunan yumɓu ɗauke da waƙar makokinsa, inda aka nuna Ningal, matar Nanna, tana kukan rushewar gidanta.

Saura magana ga 'yan'uwana malamai. Mu ma da wata muke ƙirga azumi da salla da hajji, amma duban wata domin lissafi daban, bauta masa daban, kuma labarin Annabi Ibrahim da faɗuwar wata a cikin Suratul An'am ya isa raba gardama. Haka nan mai wasan kwaikwayo da ya fito a matsayin ɓarawo bai zama ɓarawo ba, muddin ya san inda wasa ya ƙare. Aikinmu shi ne mu tabbata yaro ya san wannan iyaka. In ɗalibi ya zo da sunan Elune a baki, kada a tsaya ga tsawa kaɗai. A buɗe masa taswira a nuna masa Ur da Harran, a sa shi ya ɗebe 354 daga 365, ya faɗi dalilin da ya sa azumi ke zagayawa daga damina zuwa rani. Da haka abin da ya shigo da wasa zai fita da ilmi.